DAGA DANDALIN KALANKUWA ZUWA IDON WAYA: Tarihin Yadda Ake Zaɓen Ɗan Wasa



A 'yan shekarun nan wata irin sanarwa ta zama ruwan dare a Facebook da WhatsApp: kamfani kaza yana neman sababbin fuskoki, duk mai sha'awa ya ɗauki kansa da waya na minti ɗaya ko biyu ya turo. Ga matashin da ke zaune a Rawayya, can ƙasar Bungudu, wannan ba ƙaramin labari ba ne. A da, in yana son masu fim su san da zamansa, sai ya haɗa kuɗin mota zuwa Gusau, ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe ya faɗa Funtua, sannan ya kama hanyar Kano, ya je ya yi ta zarya a ofisoshin da ke titin Gidan Zu ko Allah zai sa wani ya kalle shi. Hanyar nan kuwa duk mun san yadda ta koma, ba a bin ta sai da addu'a a baki. Yau an ce masa ya yi zamansa a gida, ya turo bidiyo.

To me ya haɗa mu marubuta da wannan magana? Abin da ya haɗa mu shi ne, duk kalmar da yaron nan zai furta a gaban wayar, ko dai wani ya rubuta masa ita, ko kuma ba a rubuta ba ya yi ta kame-kame. Kafin mu zo kan shirin da ya kamata ya yi, da wanda ya kamata mu yi masa, bari mu waiwaya mu ga yadda aka riƙa zaɓen ɗan wasa a ƙasar Hausa tun asali. A nan ne za mu gane abin da waya ta sauƙaƙa, da abin da ta raba mu da shi ba mu ankara ba.

LOKACIN DA GARI NE ALƘALI

Kwaikwayo ya girmi kyamara a ƙasarmu nesa ba kusa ba. Bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata kan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarawansu, daga baya har da gwamna da 'yan sanda, kowa ya kwaikwayi mai muƙamin gaskiya. A fada akwai wasan gauta, inda mata ke shiga irin ta sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, wanda ake kwaikwaya yana zaune yana kallon kansa. Da azumi ya kai goma yara su fito tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, waccan ta zama uwar gida. Ga kuma 'yan kama, waɗanda sana'arsu ce juya zancen malamai da waƙoƙin mawaƙa su koma zancen tuwo don a yi dariya.

A duk waɗannan babu ranar da ake cewa yau za a yi gwaji. Gwajin yana gudana kullum, a dandali, a gona, a bakin rijiya. Wanda ya iya muryar mai gari kowa ya san shi tun yana yaro, ranar kalankuwa ba sai an yi shawara mai tsawo ba. Abu biyu za mu riƙe daga wannan zamani. Na farko, ɗan wasan yana koyo ne ta hanyar lura da mutane na gaskiya. Na biyu, hukunci yana zuwa masa nan take: in ya yi daidai a bushe da dariya, in ya kuskure a yi tsit, gobe ya gyara.

MAKARANTA, LITTAFI DA REDIYO

Da boko ya zo, sai wasa ya hau takarda. A shekarun 1930 Dokta R. M. East na hukumar talifi da ke Zariya ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin makarantu. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, abin da ke nuna cewa ƙasar Zamfara tana cikin waɗanda suka fara sa hannu a rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa. Daga nan mai zaɓe ya zama malamin makaranta. Shi ke duban ajinsa ya ce wane kai ne sarki, wane kai ne ɗan aike, ya ba kowa nasa ya hardace, a yi ta maimaitawa da yamma har ranar da za a hau daɓe. A nan aka fara sanin cewa baiwa kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da karatu da maimaici.

Rediyo ya zo da nasa ma'aunin. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Zamanin Nan Namu da aka buga a 1959 da Jatau Na Kyallu, ta rediyo jama'a suka fara jin su kafin su zama littafi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna, a 1977 kuma aka haɗe gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin NTA. A rediyo ba ruwan kowa da kyan fuskarka ko tsawonka. Murya ce jari: ka iya fitar da kalma sarai, ka san inda za ka ja numfashi, ka san inda shiru ya fi magana.

Mu dubi marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Nuwamban 2023. Banufe ne, tsohon soja, kuma Hausar bariki da ya ji a bakin sojoji ita ya mayar dukiyarsa. Da ya tsaya goge harshensa ya koma irin na kowa, da ba mu san shi ba. Haka marigayi Ƙasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce, da Karkuzu a Jos. Mafi yawan 'yan wasan wancan zamani ta ƙungiyoyin wasan daɓe suka biyo. Ƙungiya ita ce makarantar, ita ce kuma wurin tantancewa: ka shekara kana share fili kana fitowa a ɗan aike, manya suna lura da kai, kafin a ba ka abin da ya fi haka.

KASET DA UBANGIDA

Irin waɗannan ƙungiyoyi ne suka haifi fim ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin wannan kasuwa. Marubuta ma ba a bar su a baya ba, domin Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim, wasu marubutan suka bi sahu da nasu. A 1999 Sunusi Shehu na mujallar Tauraruwa ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood, a shekarar kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim.

Da finafinai irin su Sangaya da Wasila suka yi kasuwa a wajajen 2000, ma'aunin zaɓe ya sake juyawa. Waƙa da rawa suka zama abin da ke sayar da kaset, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kuma suka fi son fuskar da suka tabbata za ta fitar musu da kuɗinsu. Sabon shiga sai ya nemi gida, wato kamfani, ya nemi ubangida. Ya yi ta ɗaukar kaya a lokeshan, a sa shi cikin taron da ke bayan jarumi, har ranar da za a ce ya faɗi jimla ɗaya. Wannan hanya ta fitar da taurari da yawa, kuma akwai iyayen gida da suka riƙe amana, amma tana da sharaɗin da ba a rubuta ba: dole ka kasance a Kano, ko Kaduna, ko Jos. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama babban birni, amma cibiyar fim ba ta matso ba. Wanda ba shi da wurin kwana a Kano, baiwarsa takan ƙare a dandalin garinsu.

Akwai wani abu na wancan lokaci da ya shafe mu kai tsaye. Finafinai da yawa ba su da cikakken rubutu. Darakta zai ce a wannan fitowa kin kama mijinki yana ƙarya, ke kuma sai ki zuba magana daga kanki. Waɗanda suka fito daga ƙungiyoyin daɓe sun iya wannan, domin sun saba. Amma tsarin ya mayar da marubuci saniyar ware, ya kuma sa babu wata takarda da za a miƙa wa baƙo a gwada shi da ita.

RUBUTU YA DAWO, WAYA TA SHIGO

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko shi ne dogon shiri mai zuwa mako-mako. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, wanda yawancin 'yan wasansa jama'a ba su san su ba kafin shirin, daga baya ta kawo Kwana Casa'in. Irin wannan shiri ba ya yiwuwa da ka, sai an zauna an rubuta, shi ya sa aka ga marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih a cikin aikin. Da kasuwar faifai ta durƙushe, sai masu fim suka koma ga dogon zango a talabijin da YouTube, kamar Labarina da Izzar So da suka fito a 2020. Shiri mai tsawo yana cin mutane da yawa, taurarin da ake da su ba za su isa ba, dole a nemi sababbi, kuma dole a gwada su da rubutu.

Na biyu shi ne waya. Layukan salula sun shigo Nijeriya a 2001, a hankali wayar ta samu kyamara, ta samu intanet. Tura gwaji daga nesa ba sabon abu ba ne a duniya: Elijah Wood a kaset ɗin bidiyo ya ɗauki kansa cikin kayan da ya haɗa, ya aika, ya samu zama Frodo a fim ɗin The Lord of the Rings da ya fito a 2001. Amma kullen korona na 2020 ne ya mayar da abin al'ada, saboda an hana taruwa. A Amurka har ya zama abin rigima, domin masu fim sun riƙa turo shafuka barkatai suna neman bidiyo cikin gaggawa. Lokacin da ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta yi yajin aikin kwana 118 a 2023, yarjejeniyar da aka cimma ta sa iyaka: a gwajin farko kada a wuce shafi 8, kuma a ba mutum aƙalla awa 48 ya shirya. Darasin da ke ciki shi ne, gwajin waya yana kwashe wahala da kashe kuɗi daga kan kamfani ya ɗora wa ɗan wasa, in ba a yi hattara ba.

Mu a nan muna da namu ƙarin. A farkon Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sai bayan kusan wata guda aka maido da su a Gusau, sauran yankuna suka daɗe fiye da haka, mutane suna fita maƙwabtan jihohi don kawai su buga waya. Ƙofar da aka ce ta buɗe wa yaron Rawayya, ashe da sabis take buɗewa, da shi kuma take rufewa.

SHIRIN ƊAN WASA

Idan muka tattara tarihin nan, za mu ga waya ta ɗauke wa matashi tafiya da neman ubangida, amma ta bar shi shi kaɗai a ɗaki. Babu 'yan kallon dandali da za su yi dariya ko su yi tsit, babu malamin da zai ce sake, babu manyan ƙungiya. Shirin gwajin waya, in an duba da kyau, ƙoƙari ne na maido da waɗannan da hannunka.

Farko karatu. Ya karanta shafin da aka turo har sai ya iya amsa tambaya uku: wane ne ni a nan, da wa nake magana, me nake so daga gare shi? Sannan ya hardace, ya maimaita a gaban mutum biyu ko uku da ba sa jin kunyar gaya masa gaskiya. Waɗannan su ne dandalinsa. Ranar ɗauka ya samu wanda zai tsaya dab da wayar, ba a ganinsa, yana karanta maganar ɗaya ɓangaren da murya ƙasa-ƙasa. Shi zai riƙa kallo, ba cikin kyamarar ba, sai dai lokacin gabatar da kai, inda zai faɗi sunansa da garinsu a taƙaice. Rabin wasa sauraro ne, kuma mai tantancewa yana duban fuskarka lokacin da ɗayan ke magana.

Sai kayan aiki, waɗanda ba sa buƙatar kuɗi. A kwantar da wayar a gicciye sai in an ce a tsayar, a jingine ta daidai tsayin ido a kan abin da ba ya motsi, ko da turmi ne aka kifa aka ɗora bulo. A ɗauka daga ƙirji zuwa sama, bango marar tarkace a baya. Haske ya zo daga gaba: zama cikin zaure ana fuskantar ƙofa da hantsi ko bayan la'asar ya fi tsayuwa a tsakiyar rana, wadda ke zuba inuwa a ramin ido. A kauce wa lokacin da injin niƙa ko janareta ke aiki, domin darasin rediyo yana nan, bidiyon da ba a jin maganarsa ba a kai ƙarshensa. A bar kwalliyar da manhaja ke yi wa fuska. A kuma rage girman wasa: ɗaga murya da wurgi da hannu da ke isa ga na bayan fili a daɓe, a waya yawa suke yi. Wurin turawa, WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, sai an tura shi a matsayin fayil. Kuma wanda ya san halin sabis ɗin garinsu ba ya jiran ranar ƙarshe.

Sai maganar harshe. Yaron da ya tashi yana cewa "tahi" da "shina" da "mi", sau da yawa yakan ji kamar dole ya koma Kananci kafin a ɗauke shi, musamman da yake finafinai sun saba ajiye karin harshen yamma wurin ban dariya. Shawararmu ita ce ya iya duka biyun. In rubutun ya nuna mutumin birnin Kano ne, ya yi shi yadda aka nema. In an bar zaɓi a buɗe, ya tuna da Samanja.

Na ƙarshe shi ne tsare mutunci. A 2007 wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya fita, ya girgiza masana'antar, har hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Abin da ya bar wayarka ya bar hannunka har abada. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya kalli bidiyo, ko ya nemi hoton da ba za a iya nuna wa iyaye ba, ko ya ƙi faɗin sunan kamfaninsa da inda ofishinsa yake, a rabu da shi. 'Yan mata musamman, kada a tura komai sai da sanin gida.

RABONMU MU MARUBUTA

Yanzu mu dawo kanmu. Sau da yawa sanarwar gwaji ba ta zuwa da rubutu, sai a ce kawai nuna mana abin da ka iya. Sakamakon haka bidiyo ɗari, tamanin kuka ne ko zage-zage, sauran kuma kwaikwayon wani jarumi da aka riga aka sani. Ba laifin yaran ba ne, ba a ba su abin faɗa ba.

Shafin gwaji nau'in rubutu ne mai zaman kansa, kuma ya kamata mu koye shi. Shafi ɗaya ko biyu, mutum biyu, wuri ɗaya. A sama a sa layi biyu da ke bayyana su wane ne da abin da ya faru kafin nan. Ɗaya yana son wani abu, ɗayan yana hana shi, kuma a tsakiya wani abu ya juya, yadda ɗan wasan zai nuna hali biyu ba ɗaya ba. Misali: saurayi ya zo neman izinin mahaifiyarsa zai je ya nome gonarsu ta nesa da gari, wadda aka daina zuwa saboda tsoro. Ya shigo da wasa da dariya, yana cewa Inna ai kowa na zuwa. Ta ƙi. Ya fara fushi, yana lissafa mata abin da ya rage a rumbu. Sai ta miƙa masa fartanyar mahaifinsa ba ta ce komai ba, shi kuma a nan ya kasa karɓa. Babu ihu, babu mari, amma duk wanda ya iya wannan minti biyun ya iya wasa. Kuma magana ce da yaron Rawayya ko Tsafe ya san nauyinta fiye da kowane jarumi da ke birni.

Mu rubuta jimlolin da baki zai iya furtawa cikin numfashi ɗaya, mu karanta su da ƙarfi kafin mu bayar. Mu bar gurbin shiru. Mu rubuta manyan mutane masu hankali da karin harshen Zamfara, ba wawan gari kaɗai ba. In kuma daga cikin labarinmu muka ciro shafin, mu ba da wannan yankin kawai da sunanmu a kai, sauran ya zauna a hannunmu har a yi yarjejeniya.

Shekara saba'in da 'yan kai da suka wuce wani mutumin Mafara ya zauna ya rubuta wasa domin 'yan makaranta su samu abin hawa daɓe da shi. Aikin wannan mako ke nan: kowa ya rubuta shafin gwaji guda, mutum biyu, kada ya wuce minti biyu, ya nemi wani matashi a unguwarsu ya karanta masa shi da baki. Inda harshensa ya sarƙe, nan ne gyaranmu yake.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.